AMANAR YARA A CIKIN MOTA: DARASI GA IYAYE DA DIREBOBI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore mana abin hawa a tudu da ruwa, Ya kuma sanya ƴaƴa su zama sanyin idanun iyayensu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi yadda muke ɗaukar ƙananan yara a cikin mota. Dalilin zaɓen wannan magana kuwa shi ne wata ta'aziyya da muka halarta a wani ƙauye na ƙasar Kurfai. Wata baiwar Allah ce ta taso daga Yamai da ɗanta mai wata goma sha ɗaya. Saboda girmamawa sai aka ba ta gidan gaba, ta zauna ta rungume yaron a cinya. Bayan sun wuce Balayara sai shanu suka ɓullo kan kwalta, direba ya taka birki da ƙarfi, mota ta kauce ta daki kututturen itace. Babu babba ko ɗaya da ya rasu, amma yaron ya kuɓuce daga hannun mahaifiyarsa, kansa ya bugi gilashin gaba, kafin a kai shi likita rai ya yi halinsa. Allah Ya sa mai ceto ne, Ya ba iyayensa haƙuri.

A wurin zaman makoki kowa cewa yake yi kwana ne ya ƙare. Wannan magana gaskiya ce, kuma mun yi imani da ita. Sai dai akwai tambayar da ta rage a wuyanmu mu rayayyu: shin akwai wani sababi na kariya da Allah Ya sanar da bayinSa, mu kuwa muka bar shi? Wannan tambaya ce za mu yi nazari a kanta, da taimakon Allah.

FASALI NA ƊAYA: MATSAYIN RAI DA AMANAR ƳAƳA

Malaman usulu, irin su Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi, sun bayyana cewa shari'a ta zo ne domin kiyaye abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Yaron da ke cikin mota ya tattara uku daga cikinsu a jikinsa, domin rai ne, zuriya ce, kuma bugun kai yana iya raba shi da hankalinsa har ƙarshen rayuwarsa ko da bai mutu ba. Allah (S.W.T.) Ya hana mu jefa kawunanmu cikin halaka, kamar yadda ya zo a aya ta 195 ta Suratul Baƙara. Idan an hana baligi ya jefa kansa, to ina ga jefa wanda bai san komi ba, wanda ba shi ya zaɓi motar ba, ba shi ya zaɓi wurin zaman ba?

Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Umar (R.A.), cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kamanta kowane ɗayanmu da makiyayi wanda za a tambaya game da abin da aka ba shi kiwo, ya ambaci magidanci a kan iyalinsa, da mace a kan gidan mijinta da ƴaƴansa. Mu mutanen Kurfai ba mu buƙatar dogon sharhi a kan wannan misali. Duk wanda ya taɓa ba da saniya kiwo ya san irin tambayar da yake yi wa makiyayi idan ta dawo da karaya. Kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda ake loda dabbobi a kasuwar Balayara ranar Lahadi ya ga yadda mai dabba yake tsayawa a kan motar sai ya tabbata an ɗaure ta yadda ba za ta faɗi ba. Abin kunya ne a ce rago ya sami wannan kulawa, ɗan cikinmu bai samu ba.

Haka nan ya tabbata cewa a wata tafiya Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci wani mai kora raƙuma da ake kira Anjasha da ya sassauta, saboda matan da ke bisa, har ya kamanta su da kayan gilashi masu saurin fashewa. Wannan asali ne babba ga kowane direba: gudun abin hawa yana bin halin mafi rauni daga cikin waɗanda ke ciki.

FASALI NA BIYU: TAWAKKALI DA RIƘON SABABI

Wasu ƴan uwa suna ganin ɗaura ɗamarar mota ko sayen kujerar yaro alama ce ta raunin imani ko tsoron mutuwa. Har akwai direban da ke jin an zarge shi idan fasinja ya ɗaura ɗamara, ya ce masa: "Alhaji, ba ka yarda da tuƙina ba ne?" Wannan fahimta kuskure ce, kuma dalilai a kanta suna da yawa.

Na ɗaya, Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umurce shi da ya haɗa biyun, ya ɗaure kuma ya dogara.

Na biyu, shugaban masu tawakkali (S.A.W.) ya sanya sulke biyu a ranar Uhudu. A lokacin Hijira kuma ya ɓuya a kogon Sauru kwana uku, ya ɗauki jagora wanda ya san hanya, alhali ya fi kowa sanin cewa Allah ne mai tsaro.

Na uku, Annabi Yaƙubu (A.S.) ya yi wa ƴaƴansa wasiyya da su shiga birnin Masar ta ƙofofi dabam-dabam, tare da shaida musu cewa dabararsa ba ta tunkuɗe hukuncin Allah, kamar yadda ya zo a cikin Suratu Yusuf. Ga uba, ga ƴaƴa, ga tafiya, ga kuma sababi da tawakkali a wuri guda.

Na huɗu, lokacin da Sayyidina Umar (R.A.) ya nufi Sham aka ba shi labarin annoba, sai ya juya da jama'a. Abu Ubaida (R.A.) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Sai Umar ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora su, da ƙaddarar Allah ya kora, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa.

Saboda haka wanda ya ɗaure ɗansa a kujerar da ta dace bai fita daga ƙaddara ba, kuma bai ƙara wa yaron kwana ko ɗaya ba. Abin da ya yi shi ne sauke amanar da za a tambaye shi a kanta. Ajali sirri ne da aka ɓoye mana, sababi kuwa umurni ne da aka bayyana mana, kuma a kan wanda aka bayyana ne hisabi yake.

FASALI NA UKU: ABIN DA KE FARUWA GA JIKIN YARO

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na shekarar 2023, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Kashi 92 cikin 100 na waɗannan mace-mace suna aukuwa ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kuma idan aka auna da yawan jama'a nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace shan wannan masifa.

Domin mu fahimci dalili, bari mu yi ɗan lissafi. Duk abin da ke cikin mota yana tafiya da gudun motar. Idan mota ta daki wani abu ta tsaya nan take, abin da ba a ɗaure ba yana ci gaba da tafiya da gudunsa na farko har sai ya bugi wani abu. Karo a gudun kilomita 50 cikin awa daidai yake da faɗowa daga tsawon kimanin mita 10. Idan gudun ya kai 80, kamar faɗowa ne daga mita 25. Idan ya kai 100, mita 40 ke nan, domin ninka gudu sau biyu yana ninka ƙarfin bugu sau huɗu. Wace uwa ce za ta yarda a jefa ɗanta cikin rijiya mai zurfin mita 10 bisa sharaɗin tana rungume da shi?

Ƙari a kan haka, idan motar da ke gudun kilomita 50 ta tsaya cikin tazarar rabin mita, nauyin kowane abu a ciki yana ninkuwa kimanin sau 20 a wannan ƙiftawar ido. Yaro mai kilo 10 sai ya fizgi hannun mahaifiyarsa da ƙarfin kilo 200, wato buhun gero biyu. Babu hannun da zai iya riƙe wannan, komi ƙauna. Idan kuma ita uwar ba ta ɗaure ba, jikinta zai bi yaron ya matse shi da gaban motar. Mun faɗi wannan ne domin a san cewa baiwar Allah da muka ambata ba sakaci ta yi da riƙo ba. Abin ya fi ƙarfin kowane ɗan Adam.

Sannan halittar yaro ta bambanta da ta babba. Kan jariri ya kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, alhali na babba bai wuce ɗaya cikin bakwai ko takwas ba. Kan yana da nauyi, wuyan kuwa bai yi ƙwari ba. Haƙarƙarinsa masu taushi ne, ƙashin ƙugunsa bai gama ƙosawa ba. Ɗamarar mota kuwa an auna ta ne da jikin babba. Idan aka ɗaura wa ƙaramin yaro ita kai tsaye, ta sama za ta bi ta wuyansa, ta ƙasa ta hau kan cikinsa, a lokacin karo ta ji wa hanji da hanta da ƙashin baya rauni.

Hanyarmu kuma mun san ta. Tsakanin Yamai da Filinge kimanin kilomita 180 ne a kan hanyar ƙasa mai lamba 25, kuma matafiyi yana ratsa garuruwa da kasuwanni da mashigan dabbobi. Da damina ga ruwan ƙorama, da hunturu ga hazo, da dare ga amalanke marar fitila. Motar da ke gudun kilomita 80 tana cin mita 22 a cikin daƙiƙa ɗaya, tun kafin ƙafar direba ta kai ga birki.

FASALI NA HUƊU: KUJERUN YARA DA MATAKANSU

Hikima kayan mumini ce, duk inda ya same ta shi ya fi cancanta da ita. Ɗamarar mota mai maɗauri uku da muke gani a yau wani injiniya ne ɗan ƙasar Suwidin mai suna Nils Bohlin ya ƙirƙiro ta, kamfanin Volvo ya fara sanya ta a motocinsa a shekarar 1959. A shekarar 1964 wani likita na ƙasar, Bertil Aldman, ya fito da samfurin kujerar yaro mai kallon baya, bayan ya lura da yadda ƴan sama jannati suke kwanciya da bayansu domin jure ƙarfin tashin kumbo. A shekarar 1978 kuma aka fito da matashin da ke ɗaga yaro domin ɗamara ta zauna masa daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kujerar yara tana iya rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin 100, ɗamara kuwa tana rage haɗarin mutuwar na cikin mota har zuwa rabi.

Matakan guda huɗu ne.

Mataki na ɗaya: kujerar jariri mai kallon baya. Ana fara amfani da ita tun ranar da aka ɗauko jariri daga gidan haihuwa. Yaro yana kishingiɗe, bayansa na fuskantar gaban mota. Idan aka yi karo, bayan kujerar ne ke tallafe kansa da wuyansa da gadon bayansa gaba ɗaya. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 129, wadda ta fara aiki a shekarar 2013, ta wajabta wannan zama har yaro ya kai wata 15 aƙalla, kuma likitocin yara suna ba da shawarar a ci gaba da shi muddin kujerar tana ɗaukar tsawonsa da nauyinsa. A kiyaye ƙwarai: ba a sanya irin wannan kujera a gidan gaba idan akwai jakar iska mai aiki, domin jakar tana fitowa da ƙarfin da zai iya kashe jariri.

Mataki na biyu: kujera mai kallon gaba, mai ɗamarar kanta. Ɗamarar tana riƙe yaro a wuri biyar: kafaɗu biyu, ƙugu biyu, da tsakanin ƙafafu. A tsohuwar ƙa'ida mai lamba 44, wadda ke auna yara da nauyi, wannan rukuni ya kama daga kilo 9 zuwa 18, wato har wajen shekara huɗu.

Mataki na uku: kujerar ɗagawa, ko matashin ɗagawa. Wannan ba ta da ɗamarar kanta. Aikinta shi ne ta ɗaga yaro sama yadda ɗamarar motar za ta bi ta tsakiyar kafaɗarsa da ƙirjinsa, ta ƙasa kuma ta kwanta a kan cinyoyinsa da ƙashin ƙugu. Ta kama daga kilo 15 zuwa 36. Mai jingina a baya ta fi, domin tana tsare kai idan an bugi motar ta gefe, kuma tana riƙe yaro idan barci ya ɗauke shi. Matashin ɗaki ba ya maye gurbinta, saboda yana lotsewa ya zame daga ƙarƙashin yaro.

Mataki na huɗu: ɗamarar mota kaɗai. Ƙasashen Tarayyar Turai sun ɗora iyakar a tsawon santimita 135 ko 150, gwargwadon ƙasa. A Ingila sai yaro ya kai shekara 12 ko santimita 135. Uba yana iya gwadawa da kansa: yaro ya zauna bayansa manne da jinginar kujera, gwiwoyinsa su lanƙwashe a bakin kujerar, ɗamarar sama ta bi kafaɗa ba wuya ba, ta ƙasa ta kwanta a cinya ba ciki ba, kuma ya iya zama haka har ƙarshen tafiya. Idan ɗaya ya ɓace, da sauran lokacin matashin ɗagawa.

Ga wasu ladubban amfani da su:

1. A ɗaure kujerar ga motar da kyau, yadda idan aka girgiza ta daga gindi ba za ta gusa fiye da faɗin yatsu biyu ba. Da yawa daga cikin motocin Turai da ake shigowa da su suna da wasu ƙarafa biyu ɓoye a tsakanin mazauni da jinginar kujerar baya, ana kiran su ISOFIX, an yi su ne domin wannan aiki.

2. A ja ɗamarar yaro har ta kwanta a jikinsa, yadda ba za a iya tsunkule ta da yatsu ba. Da hunturu a ɗaure shi tukuna, sannan a lulluɓa masa zane ko bargo a sama.

3. Idan kujerar gwanjo ce, a duba ko ta tsage, ko ɗamararta ta zaizaye, ko maɓallinta ba ya kamawa. A nemi tambarin ƙa'ida mai harafin E a cikin da'ira. Wadda aka san ta taɓa yin haɗari a bar ta.

4. Ranar ƙasarmu tana gasa ƙarfen maɓalli har ya ƙona fata. A rufe kujerar da zane idan an ajiye mota.

5. A doguwar tafiya a riƙa tsayawa kamar bayan kowace awa biyu a fito da jariri ya huta. Idan yana son nono a tsaya a ba shi, kada a kwance shi mota na tafiya.

6. Kada a bar yaro shi kaɗai a rufaffiyar mota ko da na ɗan lokaci ne. A watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu yana wuce digiri 40 a inuwa, cikin mota kuwa yana iya ƙaruwa da digiri 10 cikin minti 10, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

FASALI NA BIYAR: WANDA BAI SAMI KUJERA BA

Mun sani sarai mafi yawanmu ba mu da motar kanmu. Motar haya muke shiga a tasha, wani lokaci ma babu ɗamarar da ke aiki a cikinta. Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, amma malamai sun kafa ƙa'ida cewa abin da ba a iya samunsa duka ba a barinsa duka. Ga abin da ke cikin ikon kowa:

Yara su zauna a baya. Gidan gaba ba wurin mai goyo ba ne, ko da an ba ta shi ne don girmamawa. Girmamawar gaskiya ita ce a nema mata wuri a baya, nesa da ƙofa.

A sauke goyo kafin a shiga mota, domin idan motar ta girgiza yaron ne ke tsakanin bayan uwa da kujera.

Ɗamara ɗaya ta mutum ɗaya ce. Kada uwa ta zagaya ta a kanta da yaron tare, domin nauyinta zai matse shi da ita. Idan babu makawa sai a cinya, ta ɗaure kanta ita kaɗai a kujerar baya, tana sane cewa wannan rage ɓarna ne kawai. Mai juna biyu ma ta ɗaura, ta ƙasa ta bi ta ƙarƙashin cikin.

Kada yaro ya tsaya tsakanin kujeru, ko ya leƙa ta taga, ko a ɗora shi a cinyar direba da sunan wasa.

Kada a ɗora yara a buɗaɗɗen bayan mota ko a saman kaya. Wannan ya zama ruwan dare a ranakun kasuwa da kai amarya da jigilar almajirai, kuma rami ɗaya ya isa ya wurgo yaro ƙasa.

A zaɓi direba. Wanda aka sani da gudu, ko shan ƙwaya, ko waya a kunne, a bar motarsa ko da ta fi arha ko ta riga cika. Fasinja kuma ya buɗe baki ya ce a sassauta, domin wannan yana cikin hani da mummuna.

Game da babur, tun shekarar 2020 hukuma ta sha taƙaita hawansa a wasu sassan jihar Tilaberi saboda matsalar tsaro, kuma bin wannan wajibi ne a inda dokar take aiki. A inda aka yarda da shi, yaron da ƙafarsa ba ta kai mataki ba, ko wanda barci zai iya ɗauka, bai kamata a ɗora shi ba, balle a jera uku ko huɗu. Wanda ya isa hawa a sa masa hular kwano daidai kansa.

Ga masu hali kuwa, babu uzuri. Wanda Allah Ya hore wa kuɗin mota da na mai, Ya hore masa kuɗin kujera. Muna kuma ba dangi shawara: a cikin kayan barka da ake tarawa ranar suna, a haɗa hannu a sayi kujerar jariri. Rassan ƙungiya da kwamitocin masallatai suna iya ajiye kujera biyu ko uku a matsayin waƙafi, ana ara wa mai tafiya da jariri zuwa Yamai ya dawo da ita. Muna fatan wannan ya shiga cikin sadaka mai gudana.

FASALI NA SHIDA: HUKUNCIN DIREBA

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan babi ba. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya ambata a cikin Risala cewa lamunin abin da dabba ta taka yana kan mai korarta da mai janta da mahayinta. A zamaninmu kuma, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na takwas da ta yi a ƙasar Burunai a watan Muharram 1414, daidai da Yuni 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, domin yana cikin ɗa'a ga shugabanni a kan abin da ke da maslaha ga jama'a. Ta kuma yanke cewa haɗarin mota yana shiga ƙarƙashin hukunce-hukuncen jinaya, direba yana lamunin abin da ya ɓata na rai ko dukiya, sai fa idan abin ya faru ne da wani ƙarfi da ba ya iya tunkuɗewa, ko da aikin wanda abin ya shafa, ko da laifin wani dabam.

Hukuncin kisan kuskure kuwa yana cikin aya ta 92 ta Suratun Nisa'i: diyya ga magada, da kaffara, wadda a yau take komawa ga azumin wata biyu a jere. Tantance wanda wannan ya hau kansa a wani haɗari na musamman aikin alƙali ne da malamai bayan bincike, bai halatta kowa ya yanke shi a bakin tasha ba. Abin da muke so direba ya riƙe shi ne, kuɗin fasinja ɗaya da ya ƙara a kan ƙa'ida ba zai biya masa kwana ɗaya daga cikin sittin ɗin nan ba. Haka kuma ya kamata mu ba jami'an hanya da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato ANISER, haɗin kai a kan abin da suke kira gare shi na ɗamara da rage gudu.

KAMMALAWA

Ya ku ƴan uwa, ba mu rubuta wannan domin mu tayar wa waɗanda suka yi rashi da miki ba. Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci mumini da ya yi kwaɗayin abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, kada ya kasala, sannan idan musiba ta same shi kada ya shiga "da na yi kaza", domin wannan ƙofa ce ta Shaiɗan. Hadisin ya raba mana lokaci biyu: kafin aukuwa ƙoƙari, bayan aukuwa sallamawa. Wanda ya yi rashi yana lokaci na biyu, sai haƙuri da neman lada. Mu da ƴaƴanmu suke gabanmu muna lokaci na farko. Idan mun yi addu'ar hawa abin hawa, mu duba inda yaro yake zaune kafin mota ta tashi.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI A MAJALISU

1. Kawo dalilai uku da ke nuna riƙon sababi bai kore tawakkali ba.
2. Me ya sa hannun uwa ba ya iya riƙe yaro a lokacin karo?
3. Mene ne aikin matashin ɗagawa, kuma yaushe yaro yake wadatuwa daga gare shi?
4. Waɗanne abubuwa ne mai shiga motar haya zai iya yi ba tare da ya kashe ko dala ba?

Muna roƙon limamai su tunatar a kan wannan a huɗuba, malamai mata kuma su karanta shi a makarantun matan aure. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu a zaune da tafiye, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, Allah Ya gafarta mana. Allah ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.